Takobin Japan mai tsaga a kaifi: wane aibi ne ke kashe takobi, wane ake haƙuri da shi?

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. An sa wani wakizashi, wato gajeren takobin Japan, a gwanjon intanet, tsawonsa santimita 52, babu sa hannun maƙeri a nakago, wato gindin da ke shiga cikin ƙota. Mai sayarwa ya ce na zamanin Muromachi ne, kuma a bayaninsa ya rubuta cewa akwai ƙananan kizu, wato aibobi, bai ƙara komai ba. A hotunan ana ganin abu uku. Akwai siririn layi mai bin tsawon takobin a tsakiyar jikinsa. Akwai wani tabo mai duhu, sumul, kamar faɗin babban yatsa, kusa da habaki, zoben ƙarfen da ke tsakanin jikin takobi da ƙota. Sai wani abu kamar silin gashi a cikin hamon, wato farin zanen taurin da ke bin kaifi, wajen taƙi ɗaya daga tsini, ya gitta ya nufi kaifi. A cikin ukun nan wanne ne abin tsoro?

Dattijon Zaure:
Wa alaikumus salam Malam. Na ukun, ba tare da wani dogon tunani ba. Biyun farko ana ciniki da su, a rage kuɗi a wuce. Na ukun idan ya tabbata hagire ne, magana ta ƙare.

Hagire tsaga ce da ke tasowa daga bakin kaifi ta hau sama cikin hamon, a gicciye, ba a tsawon takobi ba. Dalilin da ya sa take kisa yana cikin yadda ake ƙera takobin. Maƙeri yana shafa wa jikin takobi yumɓu, mai kauri a baya, siriri a wajen kaifi, ya gasa shi har wajen digiri 750 zuwa 800, sannan ya tsoma a ruwa. Kaifi ya huce nan take ya yi tauri kamar gilashi, baya ya huce a hankali ya zauna da laushi. A cikin ƴan daƙiƙoƙin nan takobin yakan fara lanƙwasawa ta wajen kaifi, sannan ya dawo ya lanƙwasa ta baya, daga nan ne yake samun lanƙwasarsa da ake kira sori. Wannan ja-in-ja shi ne ke tsaga kaifi idan zafin ya yi yawa ko ruwan ya yi sanyi da yawa. Tana kuma iya zuwa daga baya, idan an sari abu mai tauri, ko takobin ya lanƙwashe aka miƙar da shi da ƙarfi. Ƙarfe mai tauri ba ya tsayar da tsaga, hanya yake ba ta. Sara ɗaya mai kyau, takobi ya rabu biyu daga wurin.

Maman Ilham:
Baba Dattijo, a gafarce ni, amma daga hoto ba za a yanke hukunci ba. Ƙarzuwa ma tana fitowa haka. Ko silin auduga da ya manne a mai.

Malam Abu Hafsat, abin da za ka nema wurin mai sayarwa shi ne: ya goge man tas, ya ɗauki hoton wurin ta fuska biyu, omote da ura, da ma'auni a ajiye a gefe don a san nisan daga tsini. Ƙarzuwa a fuska ɗaya take zama. Hagire tana ratsa kaurin kaifin, saboda haka za ka gan ta a wuri ɗaya daidai ta kowace fuska, kuma ta taɓa bakin kaifin kansa. Sannan ƙarzuwar da kube ke yi, wadda suke kira hike, tsawon takobi take bi, domin ta wajen zarewa da mayarwa ake samun ta. Idan ya ƙi turo hoton fuska ta biyu, ka ɗauki ƙin nasa a matsayin amsa. Ba a cinikin biri a sama.

Dattijon Zaure:
Gaskiyarki Hajiya. Na ce idan ya tabbata.

Injiniya Mai Walda:
Wanda takobin ke hannunsa, ga yadda ake dubawa. A kashe fitilun ɗaki, a bar ƙwai ɗaya, gara irin na da mai jan haske, ba doguwar farar fitila mai watsa haske ko'ina ba. A riƙe nakago da hannu ɗaya, a tallafi jikin takobin da ƙyalle mai laushi, a nuna tsini wajen ƙwan, a riƙa sunkuyar da shi kaɗan-kaɗan har hasken ya kwanta a kan hamon ya haska nioi, farin layin da ke iyakar hamon. Sai a bi shi santimita bayan santimita daga hamachi, ɗan matakin da kaifi ke farawa daga gindi, har tsini, da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninki 10. A juya a sake. Ba a magana a kan takobi tsirara, yawu ɗigo ɗaya tsatsa ne gobe. Wurin da aka fi samun hagire shi ne monouchi, sulusin sama inda ake sara da shi, kuma wurin da aka kwatanta a tambayar nan a wajejensa yake.

Akwai kuma jan ruwan da ake gwada tsagar walda da shi: a fesa, a goge, a fesa farin hoda, tsagar ta fito ja. Yana nuna tsagar da ido ba ya gani.

Sarkin Wasa:
Injiniya, wannan jan ruwan ka bar shi a kan bututu. Takobin da aka naɗe ƙarfensa cike yake da ƙananan kafofi, ruwan zai shige cikinsu ya ƙi fita, hodar kuma ta ɓata aikin mai wasa. A kan takobin da tsatsa ta riga ta cinye, wanda za a kai wasa ko ta yaya, to da sauƙi. A kan wanda yake cikin kyakkyawan washi, a'a. Kuma na wani ne ma tukuna, ba a saya ba.

Bari in koma kan layin farko, mai bin tsawo. Wannan ware ne, ko kitae-ware. Tamahagane, ƙarfen da ake samu daga tatara, murhun narka ƙarfe na gargajiya, ba ƙarfe ne mai tsabta ɗaya ba, shi ya sa maƙeri ke naɗe shi yana dukansa sau goma zuwa goma sha biyar. Naɗi 15 yana ba da falle 32,768. Kowane naɗi haɗi ne na wuta, kuma duk inda ƙazantar ƙarfe ko ɓawon wuta ya maƙale tsakanin falle biyu, wurin ba zai kama ba. Yana nan a ɓoye shekara ɗari uku, sai ranar da dutsen mai wasa ya iso kansa ya buɗe. Tunda yana kwance ne tare da fallayen, ba ya yanke takobi. Muni ne kawai, sai kuma mai da danshi da ke taruwa ciki.

Amma wurinsa yana da muhimmanci. A shinogi-ji, wato filin da ke tsakanin gadon baya da shinogi, tudun da ke bin tsawon takobi, ko a gadon bayan kansa, wanda ake kira mune-ware, ba a cika damuwa ba. A tsakiyar ji, filin da ke tsakanin shinogi da hamon, yana rage kuɗi gwargwadon tsawonsa da buɗewarsa. Idan ya shiga cikin hamon yana bin kaifi, sunansa hagarami, wannan ya fi muni, don ɓangaren kaifi na iya ɓarewa daga nan. Mutane suna rikita shi da hagire. Bambancin alƙibla ce kawai: mai bin kaifi da mai gitta shi.

Abu Hafsat:
To idan hagire ɗin gajeriya ce fa, kamar milimita 2, hamon kuma mai faɗi? Ba za a iya cinye ta da dutse ba?

Sarkin Wasa:
Abin da ido ya gani milimita 2, ƙarshen tsagar ya wuce nan. Kuma ba rami ake yi a wurin ba, dole a sauke layin kaifin gaba ɗaya daga hamachi har tsini don siffar ta zauna daidai. Ka cinye milimita 3 a tsawon takobi duka, ka rage masa faɗi, ka cinye hamachi, sannan ka tarar tsagar tana nan tana kallonka. Mai wasa na ƙwarai ba ya karɓar wannan aikin da alkawari.

Giɓi daban ne. Hakobore, inda ɗan ƙarfe ya ɓalle daga kaifi, yana da iyaka da ake gani. Giɓin milimita 1 a hamon mai faɗin milimita 8 zai fita lafiya. Giɓin nan dai a kan siririn suguha, wato miƙaƙƙen hamon, mai milimita 2 ko 3, irin na tsofaffin takubban da aka sha wasawa, idan ka bi shi sai hamon ya faɗo daga kaifi, ka mayar da ƙaramin aibi babba. A irin wannan gara a bar giɓin yadda yake. Sai dai a duba gindin kowane giɓi da gilashi, sau da yawa hagire daga nan take tasowa.

Maman Ilham:
Tabon mai duhu kusa da habaki, bisa kwatancen, shintetsu ne. Yawancin takubban nan riga biyu gare su: ƙarfe mai laushi a ciki, shingane, da mai tauri a waje, kawagane, an naɗe shi kamar yadda ake naɗe abu a ganye. Kowane washi yana cin rigar waje. Idan ta ƙare a wani wuri sai na ciki ya leƙo, ba shi da hada, wato zanen da naɗin ƙarfe ke bari, sumul, launinsa ya fi duhu. Japanawa suna cewa takobin ya gaji, tsukare.

A ƙarshen Muromachi, lokacin yaƙe-yaƙe, an ƙera takubba da yawa cikin gaggawa a Bizen da Mino, waɗanda ake kira kazuuchimono, rigarsu ta waje siririya ce tun asali. Wanda ya sayi irinsu mara sa hannu, to wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin lura shi ne tabon ba ya gyaruwa, washi na gaba faɗaɗa shi zai yi.

Hanyar auna gajiya ba sai da tabo ba. A cire habaki, a auna kaurin nakago a inda ya fi kauri, a auna kaurin takobin sama kaɗan da machi, iyakar nakago da jikin takobi. Nakago ba a wasa shi, shi ke riƙe da kaurin asali. Idan ka ga tudu a fili tsakaninsu, an ci ƙarfe da yawa. A dubi hamachi kuma: idan ɗan matakin nan ya kusa shafewa, labarin ɗaya ne.

Dattijon Zaure:
Sai dai kada a yi wa kowane tabo kuɗin goro. Takubban gidan Rai na Yamashiro, na zamanin Kamakura, an san su da irin wannan tabo har aka ba shi suna Rai-hada, kuma masana ba sa ƙin takobi saboda shi. Na Hizen, gidan Tadayoshi, su ma an san rigarsu ta waje ba kauri. Shekarun takobi su ke faɗin irin haƙurin da za a yi masa. Tachi, dogon takobin da, na shekara 700 mai sa hannu ana yafe masa ware da gajiya da ba za a yafe wa takobin bayan 1781 ba, domin na bayan bai ga yaƙe-yaƙe irin na da ba, bai sha dutse ba, ba shi da hujja. Shi kuwa wakizashi mara sa hannu na Muromachi, irinsa suna da yawa a kasuwa, babu dalilin haƙuri da aibi uku a jiki ɗaya.

Ɗan Kasuwa:
Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne wannan kalma ta kisa. Wa zai fita yaƙi da shi yau? A kan katako za a ɗora shi a yi kallo. Idan hamon yana da kyau, hada yana da kyau, silin gashi ɗaya da sai da gilashi ake gani me ya rage wa mai kallo?

Injiniya Mai Walda:
Alhaji, bai rage wa ido komai ba, aljihu ya rage wa. NBTHK, ƙungiyar adana takubban Japan da aka kafa a 1948, ita ke ba da takardun da kasuwa ta fi yarda da su: Hozon, Tokubetsu Hozon, Juyo, Tokubetsu Juyo. Takobi mai hagire ba ya samun ko ta farkon. Ranar da za ka sayar, mai saye zai tambayi takarda, ka ce babu, ya tambayi dalili. Sannan ma'aunin kyau a wurinsu bai rabu da aiki ba. Abin da ake yabo a takobi shi ne maƙeri ya haɗa kaifi da juriya, wanda ya tsage ya faɗi jarrabawar da aka ƙera shi dominta. Kyan ɗan maciji ke nan, musamman idan ya faɗa hannun mai gwada sara a kan tabarmar tatami, guntun ya tashi sama.

Ɗan Kasuwa:
Na ji ta takarda. Amma don koyo fa? Mai son ya ga yadda nie, ƙwayoyin nan masu ƙyalli a hamon, da nioi suke da idonsa, a kuɗi kaɗan?

Dattijon Zaure:
Don koyo babu laifi, in dai an saya da sani, a kuɗin mai aibi, kuma ranar sayarwa a faɗa. Matsalar ita ce mai sayarwar nan ya ce ƙananan kizu.

Sarkin Wasa:
Akwai abin da ba a tambaya ba, kuma ya fi tabon nan muhimmanci: tsini da gindi.

A tsini, a tabbatar boshi yana nan, wato hamon ya zagaya cikin kissaki, tsinin ke nan, bai faɗi ba. Tsini shi ne ya fi karyewa. Idan ya karye aka sake fere shi ta wajen kaifi, ana iya cinye taurin duka, ya zama tsinin ƙarfe ne mai laushi. Wannan ma kisa ne. Kuma ana ɓoye shi, domin farin da ake gani a hoto sau da yawa ba hamon ba ne, kwalliyar hadori ce da mai wasa ke zanawa da ɗan siririn dutse a ƙarƙashin babban yatsa. Ana iya zana ta a inda babu komai. Hamon na gaskiya sai an nuna wa ƙwai yake tashi ya yi haske, na zane kuwa ya mutu. Haka ake gane nioi-gire, inda layin ya yanke a tsakiya aka cike giɓin da kwalliya. A tsinin dai a nemi karasuguchi, tsaga mai kama da bakin hankaka a buɗe, da tsuki-no-wa mai siffar jinjirin wata.

A gindi kuma a nemi alamar saiha, wato takobin da ya ƙone a gobara taurinsa ya tafi, aka sake gasa shi aka tsoma. Tunda wannan ba shi da sa hannu, a fara sanin ko an gajarta shi ne, o-suriage. Idan an gajarta, hamon na asali dole ya zarce ƙarƙashin habaki ya shige cikin nakago, tunda wurin a da jikin takobi ne. Idan ka ga hamon ya fara daidai kan hamachi na yanzu ko sama da shi, ko ka ga mizukage, wata inuwa da ke tashi a karkace daga hamachi kamar digiri 45, to an tsoma shi bayan gajartawa. Sauran alamu: nakago ya bushe ya yi ƙuraje kamar ɓawon wuta maimakon baƙar tsatsa mai laushi, lanƙwasa ta yi yawa ba bisa zamaninsa ba, hamon ya yi dishi-dishi, salonsa kuma bai dace da gidan da ƙarfen ke nunawa ba.

Maman Ilham:
Ƙari kan mizukage: a takobin da gindinsa yake na asali ba hujja ba ce ita kaɗai. Horikawa Kunihiro da almajiransa an san su da ita a aikinsu na asali da ba a sake tsomawa ba. Haka hamon da ke farawa sama da hamachi, yakiotoshi, ana ganin sa a aikin Yukihira na Bungo. Sai alamu sun taru.

Ɗan Kasuwa:
To ga inda zan kama ku. Kun ce saiha aibi ne babba. Ichigo Hitofuri na Awataguchi Yoshimitsu ya ƙone a faɗuwar fadar Osaka a 1615, Echizen Yasutsugu ya sake tsoma shi, yau yana cikin kayan gidan sarautar Japan. Namazuo Toshiro haka, yana gidan tarihin Tokugawa a Nagoya. Honebami Toshiro ya ƙone a gobarar Meireki ta 1657 a Edo. Wa ya jefar da su?

Dattijon Zaure:
Babu wanda ya jefar, Alhaji, amma dubi abin da ka lissafo. Takubba ne masu suna, an san hannun da suka bi, an rubuta ƙonewarsu da wanda ya gyara. Tarihinsu ake adanawa, da siffa da ƙarfen Yoshimitsu. Hamon ɗin da ke kansu kuwa kowa ya san na Yasutsugu ne. Rabin aikin maƙeri a tsomawar nan yake, idan wani ya sake ta, rabin takobin ya zama nasa. Shi ya sa NBTHK ba ta wuce saiha sai a kan tsofaffin ayyukan manyan maƙera masu sa hannu, kuma ta rubuta a takardar. Cire suna da tarihi, ka bar wakizashi mara sa hannu da aka sake tsomawa, me ya saura?

Irin wannan ne kirikomi, saran da takobin abokin gaba ya bari a gadon baya ko shinogi. Ba a ɗauke shi aibi ba, har ana ce masa tabon girma, masu wasa ba sa cire shi. Ishida Masamune da ke gidan tarihin ƙasa na Tokyo da shi aka san shi. Amma tunda yana ƙara wa labari armashi, ana samun masu ƙirƙira shi. Na gaskiya cikinsa ya tsufa tare da takobin.

Injiniya Mai Walda:
Biyu da ba a ambata ba. Fukure, bororo ne, iska ko ƙazanta da ta maƙale ƙarƙashin falle, wurin ya ɗan kumbura, a haske sai ka ga hoton ƙwan ya karkace a kansa. Bai fashe ba yau, washi na gaba zai fashe ya bar rami. Ana cike ramin da umegane: a sassaƙe wurin, a dasa ɗan ƙarfe mai kama da shi, a daddale. Facin kirki sai ka nema za ka ga iyakarsa, zanen hada ya yanke a gefensa. A cikin hamon ba a iya yi, ƙarfen ya fi ƙarfin kurfi.

Sai shinae, ƙananan tamoji a gicciye a ji ko shinogi-ji, alamar takobin ya taɓa lanƙwashewa aka miƙar. Idan sun jeru da yawa ana kiransu mukade, wato shanshani. Duk inda ka ga shinae, ka sauke ido kai tsaye zuwa kaifin da ke ƙarƙashinsa, don lanƙwasar da ta tamuƙe ƙarfe mai laushi ita ke tsaga mai tauri. A kuma ɗaga takobin a leƙa ta gadon baya daga gindi zuwa tsini, a ga ko ya miƙe.

A yi hattara da kwari ko zanen da aka sassaƙa daga baya, atobori. Idan ka ga dodo ko kwari a wurin da bai dace da siffar takobin ba, sau da yawa ware aka binne a ƙarƙashinsa.

Abu Hafsat:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: akwai ɗan wurin da tsatsa ta rufe kusa da layin. A ce wa mai sayarwa ya goge da takardar yashi don a gani?

Sarkin Wasa:
Subhanallahi, a'a Malam. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Takardar yashi tana kwantar da shinogi, tana kuma tura ƙarfe ya rufe bakin tsagar, ka rasa abin da kake nema. Asid ya fi muni. Kuma kada a taɓa tsatsar nakago ko da wasa, da launinta da zanen magagari ake karanta shekarun takobi. Abin da ake yi shi ne madoake, a kai wa ƙwararren mai wasa ya buɗe taga, ya wasa santimita kaɗan a wurin da ake shakka, har hamon da hada su fito. Ladan cikakken washi da tsawo ake lissafa shi, kowane sun, wato santimita 3.03, da kuɗinsa, ga sabon shirasaya, kuben farin katako da ake ajiye takobi a ciki, sau da yawa har da habaki. A wakizashi irin wannan jimillar na iya fin kuɗin takobin, kuma idan hagire ta fito a tsakiyar aiki, ladan abin da aka riga aka yi yana kanka.

Maman Ilham:
A saƙon da za ka tura masa ka rubuta tambayar da kalmar kanta: akwai hagire ko babu? Kada ka ce akwai matsala. Ka nemi amsar a rubuce, da sharaɗin kwana uku na dubawa da mayarwa. Ka nemi hoton nakago fuska biyu, habaki a cire, da hoton torokusho, katin rajistar takobi, idan takobin a Japan yake, ka gwada tsawo da lanƙwasa da yawan ramukan mekugi, ƙusar da ke riƙe ƙota, da ke katin da abin da ke hoton.